Takardar Koke Kan Harajin Gidaje Zuwa Ga Mai Girma Uban Ƙasa

Assalamu alaikum.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, mu masu gidaje da masu shaguna na wannan gunduma ta jihar Kebbi mun kawo kukanmu gare ka, muna roƙon ka isar da shi ga Shugaban Ƙaramar Hukuma da majalisar Mai Martaba Sarki.

Ba biyan haraji muke gudu ba. Iyayenmu sun biya haraji da jangali tun zamanin En'e, kuma kowa ya san hanyar da kuɗin ke bi, daga mai unguwa zuwa hakimi, zuwa uban ƙasa, har baitulmali. Yau sai dai a wayi gari a ga takarda liƙe a ƙyauren gida. Wasu su zo su ce ƙaramar hukuma ta aiko su, ba a jima ba wasu su zo da sunan jiha, kowa da irin rasit ɗinsa, wani ma ko hatimi babu.

Mun tambayi masana doka. Jadawali na 4 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma aikin ƙiyasta gidajen mutane don yanka musu haraji, bisa abin da Majalisar Dokokin Jiha ta tsara. Dokar 1998 da ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati ita ma ta sa harajin gida a ɓangaren ƙaramar hukuma, ta bar wa jiha kuɗin takardar mallakar filayen birni. To, ranka shi daɗe, wa ya zo ya ƙiyasta namu? A unguwarmu akwai tsohuwa mai riƙon marayu a gidan ƙasa mai ɗaki biyu, katangarsa ta zube tun daminar bara. Adadin da aka rubuta mata shi aka rubuta wa bene mai shaguna a ƙasa da 'yan haya a sama. Wallahi wannan ba adalci ba ne, kuma wanda ya rubuta bai taka ko zauren gidan ba.

Sai batun rabo, wanda ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Jiharmu tana da ƙananan hukumomi 21, kuma arzikinsu ba ɗaya ba. Abin da za a tara a Birnin Kebbi, Jega, Argungu ko Yauri, inda gine-gine da kasuwanni suka yi yawa, ba za a same shi a ƙaramar hukumar da yawancinta ƙauyuka ne ba. Ba mu ƙi a taimaki 'yan'uwanmu na karkara ba, namu ne. Amma in ana haɗa kuɗin wuri guda a raba, a gaya mana da wane ma'auni, da nawa ke dawowa inda aka karɓa. Doka ta ce jiha ta ba ƙananan hukumominta kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar da ta tara, kuma a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kasonsu na asusun tarayya kai tsaye. Duk da haka magudanarmu tana nan cushe da leda, kwalbatin bakin kasuwa ya rufta, mu ke karo-karo mu kwashe shara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Muna roƙon a dakatar da karɓa har sai an zagaya gida gida tare da masu unguwanni an yi ƙiyasi, a ɗauke wa gidajen marayu da gajiyayyu. A bar mai karɓa ɗaya da rasit ɗaya mai hatimi, a kuma liƙa lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe a sakatariya da ƙofar fadarka. In da hali, a kira kansilanmu da ma'aji a zauna a gabanka kafin damina ta kama.

Allah shi ja zamaninka, shi ƙara maka lafiya.

Naka masu biyayya,
Masu gidaje da masu shaguna na gundumarka