Godiya ga shagon bakin layinmu na Fagge da iyalan marigayi Baba mai shago

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Zuwa ga 'ya'ya da jikokin marigayi Baba mai shago, masu riƙe da shagon nan na bakin layinmu a Fagge har yau, musamman Alhaji babban ɗansa da muka yi makarantar allo tare, da ku samarin da kuke tsayawa a kanta yanzu. Na zaɓi in rubuta wannan a fili inda kowa zai gani saboda mu da muka ga abin da idonmu mun fara ƙarewa, kuma yaran yanzu in sun zo sayen Indomie ko katin waya basu san irin abin da shagon nan ya yi wa unguwa ba lokacin yaƙin basasa. To inaso su sani.

Lokacin da yaƙi ya ɓarke a watan Yuli 1967 ina yaro, ban kai shekara goma ba. Mahaifinmu yana cikin matasan da suka tafi Depo a Zariya suka shiga soja, daga can aka wuce da su fagen daga wajen Nsukka da Inugu, aka bar Inna da mu huɗu a ɗakin haya. Kuma ba gidanmu kaɗai ba, a layin nan gidaje da yawa maza sun tafi. Akwai kuɗin da ake cirewa daga albashin soja a ba iyalinsa, amma wani watan ya zo akan lokaci wani watan kuma shiru kake ji har a shiga wani, ga haya ga cefane ga yaro ba lafiya, to a nan ne aka san waye Baba. Hausawa sunce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, wallahi miya ta ƙare a lokacin kuma mun gani.

Kaya sun yi wuya sosai. Matatar mai guda ɗaya ce a duk ƙasar a lokacin, ta Fatakwal, ita kuma yaƙi ya rutsa da ita, sai kananzir ya zama abin nema. Manja da ake kawowa daga gabas ya yanke tunda jirgin ƙasa ya daina zuwa can. Gwamnatin Gowon kuma ta matse shigo da kaya daga waje don a tattala kuɗi, Awolowo ne kwamishinan kuɗi a lokacin, don haka madarar gwangwani da sukari da batir sai ka ji ance yau akwai gobe babu. Wasu 'yan kasuwa, ba sai na kama suna ba, sun kulle kaya a sito suna jiran farashi ya hau. Baba kuwa da asuba zai hau Raleigh ɗinsa ya bi Kantin Kwari da Sabon Gari da wajen dillalan kamfanoni irin su UAC da John Holt, abin da ya samo ya ɗauro a bayan keke ya kawo, kuma ranar da ya kawo ranar zai fitar. In kananzir ya samu gwangwanin madara yake awo da shi, kowane gida gwangwani biyu, ko kai waye, ko kazo da fam a hannu bazai ƙara maka ba sai kowa ya samu. Na taɓa ganin wani mai hali yazo yace a sayar masa da garwar gaba ɗaya zai ninka kuɗin, Baba ko ɗagowa bai yi ba yace Alhaji kayi haƙuri akwai masu jego a layin nan.

Har yanzu ina ganin hannunsa yana yanka sabulun sanda da wuƙa, ya gwada da ɗan yatsa ya yanka na taro, na sisi, ya ƙirga ƙwayar sukari ya naɗe a tsohuwar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ya murɗe bakin. Ashana ma in baka da kuɗin akwati zai ƙirga maka tsinke. Babu wani abu da zai ce maka ya yi ƙanƙanta bazai sayar ba.

Amma babban abin da yasa na zauna nake wannan rubutu shi ne littafin bashi. Wani littafi ne mai baƙin bango da yake ajiyewa ƙarƙashin kanta, da ajami yake rubutawa, kowane gida da shafinsa. Inna tana kulle bata fita, ni ake aika, inje ince Baba wai inji Inna a bada gishiri da sabulu da kananzir a rubuta. In akwai mutane a gaban shagon bazai taɓa buɗe littafin ba, zai miƙo min kayan yace gaida Innarka, sai an watse ya rubuta. Ban fahimci wannan ba sai da na girma na fara ciyar da iyali, sannan na gane rufin asiri yake mana, don kar wani yaje yana cewa gidan wane da bashi suke ci. Kuma bai taɓa aiko yaro ƙofar gidanmu karɓar kuɗi ba, in kuɗi sun zo Inna ta ƙulla abin da ya samu a gefen zani ta bani in kai, ya karɓa ya rage, saura kuma yace Allah ya dawo da su lafiya. Shi ma fa ba wai mai kuɗi bane, shago ne ɗan ƙarami mai ƙofar langa-langa, kuma shi ma bashi yake ɗaukowa a wajen dillalai, yadda ya iya jurewa har yau ina mamaki.

Shagon kuma shi ne gidan wayarmu shi ne gidan rediyonmu. Wasiƙun sojoji ta hannunsa suke zuwa, in ta boko ce ya kira wani ɗan sakandare ya shiga gida ya karanta wa matar, ya kuma gargaɗe shi kar ya ji maganar a waje. Bayan isha'i dattawa su shimfiɗa tabarma a gaban shagon a kunna Rediyo Kaduna a ji inda aka kwana, mu yara muna raɓe a gefe. A nan muka ji an kama Inugu a watan Oktoba 1967, mu murna muke muna zaton gobe iyayenmu zasu dawo, ashe da sauran tafiya har Janairu 1970.

Da aka canza takardun kuɗi a Janairu 1968 kwanakin da aka bayar kaɗan ne, tsofaffi da matan kulle da yawa basu san ƙofar banki ba, wasu kuɗin adashi ne a cikin tukunya ko ƙarƙashin katifa. Baba ya bi gida gida ya karɓa ya rubuta na kowa, yaje ya yini a layi ya canzo ya mayar wa kowa nasa, ko kwabo bai cire ba da sunan ladan wahala.

Akwai kuma maganar da ba kowa ke son a tuna ba amma dole in faɗa. A 1966 da aka yi kashe-kashen nan a garin nan, abin da ba mai hankalin da zai yi alfahari da shi, akwai wani tela Ibo da yake ɗinki a rumfar da ke jikin shagon. Baba ya ɓoye shi a ɗakin ajiyar kaya bayan buhuna har ƙura ta lafa, ya raka shi tashar jirgi. Mutumin ya bar masa keken ɗinkinsa Singer da akwatin yadi. Duk tsananin da aka shiga Baba bai taɓa keken nan ba sai dai ya sa masa mai ya rufe da buhu, an sha zuwa a taya yace ba nawa bane. Bayan yaƙi mutumin ya dawo a rame, kunsan mutanen gabas da yawa fam ashirin kacal aka basu a banki komai yawan abin da mutum ya ajiye, yazo ya tarar da kekensa da yadinsa yadda ya barsu. Ina wajen, babban mutum ya durƙusa a gaban kanta yana kuka, Baba yana cewa tashi tashi kar ka tara min jama'a. Da keken nan ya sake tsayawa da ƙafarsa.

Mahaifinmu Allah ya dawo da shi da rauni a ƙafa, ya biya abin da ke shafinmu sannu a hankali. Amma akwai gidajen da mazansu basu dawo ba, su kam Baba ya ja layi akan shafinsu yace ya yafe duniya da lahira, kuma bai faɗa wa kowa ba, daga bakin matan muka ji bayan rasuwarsa, ranar sadakar uku da suka cika gidan suna faɗa suna hawaye.

Bayan yaƙin ma bai canza ba. Da aka koma naira da kwabo a farkon 1973 mutane suka rikice, da kwabo sha biyu ne sule ɗaya yanzu ance sule kwabo goma ne, fam ɗaya naira biyu, masu wayo suka samu hanyar cutar tsofaffi a wajen canji, shi kuwa zai baje kuɗin akan kanta ya nuna wa tsohuwa dalla-dalla har ta gamsu. Shekarar fari ta zo hatsi ya yi tsada, kuɗin Udoji na ƙarin albashin ma'aikata suka biyo baya komai ya tashi, littafin nan dai yana nan yana aiki.

Alhaji, ɗan'uwana, na ji daga bakin 'yan unguwa cewa har yanzu ana rubuta wa marayu da masu ƙaramin albashi a shagon, kuma jikokin ma basa tozarta mai bashi a gaban mutane, duk da halin da kasuwa take ciki yanzu da kuɗin kaya ke tashi kullum. Wannan ya faranta min rai ƙwarai. A madadina da ƙannena da 'ya'yanmu muna godiya, mun gode mun gode. Ku kuma 'yan Fagge da wannan ya iso gare ku, don Allah in zaku yi sayayya ku tuna da shagon nan, wanda kuma yasan akwai sunansa a littafi kuma Allah ya hore masa yaje ya biya don a samu a ba wani.

Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya kai haske kabarinsa, ya jiƙan iyayenmu da duk waɗanda suka rasa rayukansu a yaƙin nan ta kowane ɓangare. Allah ya sa albarka a kasuwarku ya tsare ku daga gobara da asara. Alhaji a gaida Hajiya da yara, in Allah ya yarda zan shigo da kaina bayan sallar Juma'a mu gaisa.

Naku, ɗan tsohon soja na cikin layi.