A duba rubutun jikin bindiga kafin a sayi harsashi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin mafarauta masu lasisi kan ƙananan bindigogin da ake bugun harsashinsu a gefen gindi maimakon tsakiya. Da yawa suna ɗauka duk harsashin .22 (lambar da ke nuna kaurin harsashi) ɗaya ne, alhali nau'in .22 LR (wato Long Rifle), wanda ya fito a 1887, ya fi .22 Magnum na kamfanin Winchester gajarta da siranta, kuma idan aka sa shi a bindigar Magnum kwansonsa na iya tsagewa. Na ga irin wannan kwanson a hannun wani maƙwabcina, ya dare har gindi, abin ya tayar mini da hankali. Lambar harsashin da ya dace tana nan a zane a jikin bututun bindigar.

Naku,
Mai karatu daga Jos