A Sake Duba Horon da Ake Bai wa Sojojinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida mai albarka domin in ja hankalin hukumomin tsaro kan horon da ake bai wa sojojin Najeriya, wanda a ganina har yanzu bai yi daidai da irin yaƙin da ake tura su ba.

Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, ba kasafai sojanmu ke fuskantar rundunar da ke ja masa daga a fili ba. Abokin gabarsa kan zo ne a kan babur, ya binne bam a hanya, ya yi kwanton ɓauna, sannan ya sulale cikin dajin Sambisa ko tsibiran Tafkin Chadi, kamar yadda 'yan bindiga ke ɓuya a dajin Rugu. Yanzu kuma mayaƙan ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, sun fara amfani da ƙananan jirage marasa matuƙa. Wata shida da kurtu ke yi a Depo ta Zariya sun isa su koya masa ɗa'a da fareti da riƙon bindiga, amma ba su isa a kai shi bakin daga ba, sai an ƙara masa horo mai zurfi kan gano bama-baman da aka binne, da yaƙin cikin daji da dare, da tsayar da jinin abokinsa da aka harba kafin likita ya iso. Waɗanda suka fi cancanta su koyar da wannan su ne sojojin da suka yi shekaru a Borno da Zamfara suka dawo da ransu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ɗaukar sayen makamai a matsayin maganin komai. Jiragen Super Tucano 12 da suka iso daga Amurka a 2021 sun taimaka ƙwarai, sai dai makami ba ya bambance ɗan ta'adda da mai zikiri. A watan Disamban 2023 jirgin soja marar matuƙi ya jefa bam kan masu bikin Maulidi a Tudun Biri ta jihar Kaduna, mutum aƙalla 85 suka rasu, alhali ba a manta da sansanin 'yan gudun hijira na Rann da aka yi wa ruwan bam bisa kuskure a 2017 ba. Wanda ke zaune gaban na'ura yana yanke hukuncin harbi yana buƙatar horon tantance bayanan sirri da sanin al'adun ƙauyukanmu, kuma dole sojojin ƙasa da na sama su riƙa atisaye tare.

Saboda haka ina kira ga kwamitocin tsaro na Majalisar Tarayya da su binciki abin da ake ware wa horo a kasafin kuɗin soja, su kuma je kwalejin horar da hafsoshin soja ta NDA da cibiyoyin horon soja na Jaji da makarantar dakaru na musamman da ke Buni Yadi su ga abin da ake koyarwa da idonsu.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Zariya