Mai zuwa Birazil, ya ratsa Bahiya ya gai da kakanni

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka, Allah ya ƙara basira.

A majalisunmu na nan Damagaram, in aka ambaci Birazil, zance ba ya wuce Pele da Ronaldo da Neymar. Wanda ya ɗan waye ya ƙara da Riyo. Na rubuto ne domin ƴan'uwa masu zuwa can, ƴan kasuwa ko ɗalibai ko masu ziyarar dangi, su san akwai garin da ya fi Riyo cancantar kuɗin jirginsu. Sunansa Salvador, babban birnin jihar Bahiya, a bakin teku, arewa maso gabashin ƙasar. Na leƙa shi lokacin da na kai wa ɗan ƙanena ziyara a Sao Paulo.

Salvador ne babban birnin Birazil na farko, daga 1549 zuwa 1763, kuma a nan jiragen ruwa suka yi ta sauke bayi. Ƙasar ta karɓi ƴan Afirka sama da miliyan 4, ba ta soke bauta ba sai ranar 13 ga Mayu 1888, bayan kowace ƙasa a nahiyar Amurka. Abin da ba a koya mana a lakwal ba shi ne, cikinsu akwai Hausawa da yawa. Da jihadi ya tashi a 1804, waɗanda aka kama a fagen daga an yi ta miƙa su kudu hannu zuwa hannu, har Ikko da Badagiri da Wida, inda ake musayar mutum da tabar Bahiya. Ba Turawa suka zo har ƙasar Hausa suka ɗauke su ba. Namu ne suka kama su, namu suka sayar. Mu ma nan Damagaram mun san irin cinikin da ayarin Arewa ya riƙa yi a zamanin da, saboda haka ba mu da bakin ɗora wa wasu laifin duka.

Waɗannan bayin Allah ba su naɗe hannu ba. A 1807 aka gano shirin tawayen Hausawa a cikin birnin. A 1809 suka tashi a karkara. A Fabrairun 1814 suka far wa sansanonin masunta a Itapuã, inda yau baƙi ke shimfiɗa a rairayi suna shan iska. Mafi girma ita ce ta daren 24 wayewar 25 ga Janairu 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, wadda suke kira tawayen Malê, sunan da ake kiran Musulmi ƴan Afirka da shi a can. Musulmi kusan 600, akasarinsu Yarbawa, da Hausawa da Nufawa, suka fito da fararen riguna, layu a wuya, takubba a hannu. An riga an tsegunta wa hukuma. Kafin rana ta fito an murƙushe su, kusan 70 sun kwanta dama.

Ana iya bin sawunsu da ƙafa, kuma wannan ne yawon da nake roƙon kowa ya yi. A fara daga gangaren Ladeira da Praça, inda faɗan ya ɓarke a wani gida da suka taru. Taku kaɗan sai ginin majalisar birni, wanda a ƙarƙashinsa aka tsare malaminsu Pacífico Licutan, suka yi ƙoƙarin fid da shi bai yiwu ba. Daga nan a shiga lif ɗin Lacerda, da ke aiki tun 1873, ya sauke mutum daga birnin tudu zuwa na bakin ruwa, a nufi Água de Meninos, inda sojan doki suka tare su. Sannan a dawo Campo da Pólvora, filin da aka harbe huɗu daga cikinsu ranar 14 ga Mayu 1835. Yau tashar jirgin ƙasa ce da kotu, jama'a na kai da kawo, masu talla na kiran ciniki. Na tsaya gefe na karanta musu Ƙulhuwallahu, idona ya cika.

Takardun da ƴan sanda suka ƙwace a jikinsu da ɗakunansu suna nan ajiye a gidan adana takardun tarihi na jihar Bahiya. Na ga hotunan wasu: ayoyi ne da addu'o'i da hatimi, da irin rubutun da almajiranmu ke yi a allo, har ɗigon fa'un a ƙasa yake. Wani bawa Bahaushe mai suna Albino hukuma ta sa ya karanta mata su. Cikin malaman da aka tuhuma akwai Bahaushe, Dandará, ƴantacce mai sayar da taba.

Kusa da Água de Meninos akwai kasuwar São Joaquim, wadda masu jan baƙi ba su cika kai mutane ba. A je da safe. Garin rogo buhu-buhu, manja a kwalabe, kuɓewa, barkono, tukwanen ƙasa, akuyoyi da kaji a ɗaure. A wata rumfa na iske goro da namijin goro a faranti. Na saya na fasa, mai rumfar ta tsaya tana kallona tana murmushi, don su a wajen ibadarsu ta gargajiya suke amfani da shi. Wannan ibada tana da ƙarfi a Bahiya, baƙo ya kalla ya riƙe bakinsa, garin mutane ya zo. Da yamma mata masu fararen kaya kan kafa kasko a bakin hanya suna suyar acarajé. Ƙosai ne sak, sai dai da manja suke soyawa, su tsaga shi su cusa yaji da jatan lande.

Unguwar Pelourinho kowa zai kai ka, lungunanta sun tuna mini da unguwarmu ta Birni. A shiga gidan tarihin Afirka da ke Terreiro de Jesus da kuma gidan al'adun Benin, Casa do Benin. Mai sauran kwana ya hau kar zuwa Cachoeira, tsohon garin taba da rake a bakin kogin Paraguaçu, tafiyar awa biyu ko sama da haka.

Sai batun guzuri. Ɗan Nijar na buƙatar biza, a neme ta da wuri. Birazil na da ofishin jakadanci a Kwatano da Abuja. Daga Yamai jirgin Habasha kan kai mutum Adis Ababa, ya sake wani zuwa Sao Paulo, daga can Salvador awa biyu da rabi ce. A riƙe katin allurar shawara. Fotugis suke yi, Faransancinmu na taimakawa wajen karanta alluna amma ba ya cin kasuwa, gara a sa manhajar fassara a waya tun daga gida. Sefa ba ta canzuwa can, a tafi da yuro ko dala ko katin banki.

A yi hattara da abinci. Wakensu na yau da kullum sau da yawa da naman alade ake dafa shi, ko ba a gan shi a kwano ba. A koyi cewa "sem porco", wato ban da alade, in an yi shakka a tsaya ga kifi da shinkafa da ƴaƴan itace. Akwai cibiyar Musulunci a unguwar Nazaré inda ake Juma'a. Alƙibla gabas ce da ɗan karkata arewa, agogonsu kuma yana bayan namu da awa 4. Ruwa ya fi zuba daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin bikin Carnaval na raye-raye a tituna kuwa, wajen Fabrairu, otel tsada yake kuma garin ba ya shiguwa. Kada a riƙe waya a hannu a kan titi, kada a bi lungu bayan magariba. Zuwa Água de Meninos ma gara a ɗauki tasi ko a samu ɗan gari.

Malam Edita, ina roƙon jaridarka ta ware shafi ga wannan tarihi. Ina kuma kira ga malaman tarihi na Jami'ar André Salifou da alarammominmu na Birni da Zango, su nemi hanyar samun kwafin takardun nan. Mu muka san wannan rubutu, mu ya kamata mu zauna mu karanta shi.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Unguwar Birni, Damagaram.