An kore shi kan raɗe-raɗi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A gidan abincin da nake aiki nan Jidda, an kori wani yaro mai gasa kaji saboda raɗe-raɗin wai ɗan luwaɗi ne. Babu shaida ko ɗaya, sai muryarsa da yanayin tafiyarsa. Ko kuɗin sallama bai gani ba.

Sashe na 3 na dokar ƙwadagon Saudiyya, bayan gyaran 2019, ya hana wariya saboda jinsi, naƙasa ko shekaru. Amma 'yan ƙasa ya ambata, kuma bai taɓo irin wannan zargi ba. Sashe na 77 dai ya tanadi diyya ga wanda aka kora ba dalili. Na ce ya tafi kotun ƙwadago, ya ƙi. Tsoronsa kada a maimaita maganar gaban alƙali.

Naku,
Wani mai karatu, Jidda