Wasiƙar Zango Na Biyu: Lambar Da 'Yan Aji Biyu Za Su Zo Muku Da Ita Gida

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yaranmu. Da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya kuma sanyin hunturu?

A wannan zangon sashen lissafi ya ware mako guda, 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare suka duƙufa a kan lamba ɗaya tak: 142,857. An ajiye kalkuleta gefe, sai biro da takarda.

Da wasan cika ko mara aka fara. Tunda ta ƙare da 7, mara ce, ba ta rabuwa biyu daidai. Amma tana rabuwa gida 3, da 9, da 11, da 13, da 37. Misali, in 'yan adashi 37 a Kasuwar Barci za su raba Naira 142,857, kowa zai tashi da Naira 3,861 cif, ba ragowa. Da aka bi diddigi, yaran sun samo lambobi 32 da ke raba ta daidai.

Inda ajin ya ɗauki zafi shi ne wajen sau. A yi ta sau 2, a samu 285,714. Sau 3, 428,571. Sau 4, 571,428. Ku duba da kyau, alƙaluman nan shida ne dai ke zagayowa, jerinsu bai sauya ba, wurin farawa kawai ke canzawa. Haka har sau 6. Da aka kai sau 7 sai ga 999,999. Wata yarinya daga Rigasa ta sake lissafin a allo don ba ta yarda ba, kuma irin wannan rashin yardar muke so. Dalilin kuwa yana cikin raba 1 gida 7, wanda ke ba da 0.142857, alƙaluman suna ta maimaituwa ba iyaka.

Tana kuma cikin rukunin lambobin Kaprekar, sunan wani malamin makaranta ɗan Indiya da ya rasu a 1986. In aka yi ta sau kanta, 20,408,122,449 ke fitowa. A gutsure shi biyu, 20,408 da 122,449, a haɗa, ta dawo 142,857.

Makon ya nuna mana abin da ya dame mu. Yaran da suka haddace jadawalin sau sun ji daɗin aikin, saura kuwa tun a sau 6 da sau 7 suka cije, alhali jarrabawar BECE, ta kammala ƙaramar sakandare, na jiransu baɗi.

Don haka muna roƙonku, bayan sallar isha'i ku ba yaro minti goma ya gwada muku wannan lambar da hannunsa, kada a miƙa masa waya. Ba sai kun iya lissafin boko ba, ku dai ce ya bayyana muku da Hausa. Inda ya tsaya, ku sa alama a littafinsa, malamin aji zai duba ranar Litinin.

Allah Ya yi wa yaranmu albarka, amin.

Shugabar Makaranta,
a madadin Sashen Lissafi