Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiya

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi. An gudanar da tarurrukan wata-wata kamar yadda aka saba, kuma bayanansu suna hannun sakatare.

Aikin da ya fi faranta mana rai a bana shi ne bitar rubuta buƙatun mai aiki, wato wanda ya ba da aikin, kafin a fara gina masa shafin intanet. An raba mahalarta rukuni-rukuni, aka haɗa kowane rukuni da ɗan kasuwa wanda ya zo da maganar da muka saba ji, wato yana son shafi irin na Jumia, kasuwar nan ta intanet, suka yi ta tambayarsa har aka gane cewa hoton kaya da farashi da maɓallin WhatsApp ne kawai bukatarsa a yanzu. An koyar da kasa buƙatu gida huɗu: na dole, da wanda ya kamata, da na in an samu hali, da wanda aka amince ba za a yi a wannan zango ba. An kuma jaddada rubuta abin da mai aiki ba ya tunawa ya faɗa, kamar buɗewar shafi a ƙaramar waya, da karɓar kuɗi ta kamfanonin biyan kuɗi na intanet irin su Paystack ko Flutterwave, da fitowar ɓ da ɗ da ƙ daidai, da adana bayanan masu saye bisa Dokar Kare Bayanai ta 2023. A ganina, wannan yini ɗaya ya fi duk sauran ayyukanmu amfani.

Samfurin takardar buƙatu da Hausa, wanda muka yi alkawari bara, bai kammala ba, kuma ba sakaci ne ya jawo hakan ba. An gama rubuta shi, saura sashen da ke bayyana yadda za a yi wa ƙarin aiki farashi bayan an sa hannu, wanda dole ne lauya ya duba, alhali asusu ba zai iya biyansa ba. Ɗan abin da ke ciki ya tafi wajen biyan masaukin shafinmu, wato wurin da ke ajiye shi a intanet, wanda da dala ake biya, kuma kowa ya san yadda naira ta faɗi tun 2023.

Abin takaici, waɗanda suka fi tambayar ina takardar take, da yawansu ba su biya kuɗin wata ba, ba kuma sa zuwa taro. Ma'aji zai karanta sunayen masu bashi a taro mai zuwa, kuma da abin da aka tara ranar za a biya lauya.